Gwanjon Ɗakunan Ajiya a Amurka: Saye Ba Wuya, Rabuwa da Kayan Ne Aiki

A shekarar 1989 wasu mata da miji a tsibirin Long Island na jihar Niyok suka sayi wani ɗakin ajiya a gwanjo a kan kuɗin da bai wuce dala 100 ba. Da suka yaye bargunan da aka lulluɓe kayan ciki, sai ga wata farar mota ba tayu, da wasu fikafikai a gefenta. Ba su san ko mece ce ba. Ashe motar nan ce ƙirar Lotus Esprit wadda ta faɗa teku ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa a fim ɗin James Bond na 1977. A watan Satumba na 2013 aka yi gwanjonta a Landan, attajirin nan Elon Musk ya saye ta a kan fam 616,000.

Irin wannan labari shi ne ke yawo a bakin mutane, shi ne kuma ke jan sababbin shiga zuwa wuraren gwanjon. Amma ko a cikinsa akwai abin da ake tsallakewa: tsakanin saye da sayarwa shekara 24 ce, kuma sai da aka nemi masana suka tabbatar da asalin motar kafin ta yi wannan daraja. Wanda ya ci gwanjon ɗaki bai ci riba ba tukuna. Abin da ya saya tarin kaya ne da ba a tantance ba, da wa'adin kwashe su, da nauyin zubar da duk abin da ba wanda zai saya, da kuma sirrin wani bawan Allah da ya kasa biyan haya. Ribar wannan sana'a da faɗuwarta suna wajen yadda aka rabu da kayan.

Yadda kayan mutum ke kaiwa ga gwanjo

Ba da hayar ɗakin ajiya babbar harka ce a Amurka. Ta kankama a shekarun 1960 a jihar Teksas, inda aka fara jera ƙananan ɗakuna masu ƙyauren ƙarfe irin na gareji, kowa ya sa kwaɗonsa ya tafi da makullinsa. Kamfanin Public Storage, wanda ya fi suna a harkar, an kafa shi a Kalifoniya a 1972. Yau akwai irin waɗannan wurare sama da 50,000 a ƙasar, kuma kusan gida ɗaya cikin kowane 10 yana riƙe da ɗaki. Akwai ƙanana masu ƙafa 5 da 5, akwai na tsakiya masu ƙafa 10 da 10, har zuwa masu ƙafa 10 da 30 da za su haɗiye kayan gida guda.

Masu harkar kan ce abu huɗu ke kawo musu masu haya: rasuwa, mutuwar aure, ƙaura, da komawa ƙaramin gida. Wato da yawan masu zuwa suna cikin wani hali ne. Sau da yawa kuma halin da ya sa mutum ya kai kayansa ajiya shi ke hana shi biyan haya: aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da shi, ko an ɗaure shi, ko ya rasu magada ba su san da ɗakin ba.

Idan haya ta taru, doka ta ba mai wurin ikon riƙe kayan ya sayar ya cire bashinsa, galibi ba sai ya je kotu ba. Kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya, idan mai haya ya yi kwana 14 bai biya ba, ana iya aika masa da takardar gargaɗi ta farko, a ba shi aƙalla wasu kwana 14, sannan a aika da sanarwar sayarwa, a kuma yi shelar gwanjon ga jama'a. Har zuwa lokacin da za a sallama, mai kaya yana da damar biyan bashi ya fanshi kayansa, shi ya sa ake yawan soke gwanjo ana dab da rufewa. Sojan da ke bakin aiki kuwa, dokar tarayya ta 2003 ta hana a sayar da kayansa sai da umarnin kotu, har zuwa kwana 90 bayan ya bar aikin.

Akwai wani abu a cikin dokar da ke bayyana dukan harkar. Kamfani ba ya riƙe komai daga kuɗin gwanjo sai abin da yake bi da ɗawainiyar sayarwa. In an sami rara, ta mai kaya ce. A Kalifoniya in bai zo nema ba cikin shekara guda, sai a miƙa ta ga baitulmalin gunduma. Saboda haka kamfani ba ya cin moriyar farashi mai tsada, kuma galibi ma kuɗin ba ya rufe bashin. Abin da yake so shi ne ɗakinsa ya koma fanko, a share, ya ba wani haya. Gwanjo dabara ce ta samun wanda zai kwashe tarkace ya kuma biya kuɗi a kai.

Ranar gwanjo da lissafin da ke biyo baya

A gwanjon ido da ido, ana yanke kwaɗo a ɗaga ƙyaure, masu saye su jeru kowa ya leƙa na 'yan mintuna. Ba a shiga, ba a taɓa komai, ba a buɗe kwali. Makamin mai saye tocila ce da gogewa. Tsofaffin hannu suna karanta ɗaki tun daga bakin ƙofa. Kwalaye iri ɗaya na kamfanin kwasar kaya, an liƙe su an rubuta abin da ke ciki, alama ce ta mai kaya yana da hali kuma ya damu da kayansa. Baƙaƙen ledojin shara da aka jibga alama ce ta an tashi a gurguje. Ƙura a kan komai tana nuna an daɗe ba a taɓa ba. Kwalaye a buɗe da gurbin wani babban abu a tsakiyar ɗaki suna nuna mai kaya ya riga ya zo ya tsince na kirki. Hanci ma yana aiki: warin danshi ko kashin ɓera na iya nufin duk wani ƙyalle da takarda da ke ciki ya lalace.

Yanzu mafi yawan gwanjon ya koma intanet, a dandaloli irin su StorageTreasures da Lockerfox, inda ake tayi a kan 'yan hotuna. Nan kuwa babu hanci babu tocila, cinikin biri a sama ne sosai.

Da zarar an sallama, agogo ya fara aiki. Wa'adin kwashe kaya yakan kasance tsakanin awa 24 zuwa 72. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne ko'ina: a kwashe komai har tsinke, a share ɗaki, kada a zuba ko ledar shara ɗaya a kwandon sharar kamfani. Ana karɓar kuɗin jingina, sau da yawa dala 100, wanda ba a mayarwa sai manaja ya ga ɗaki tas. Wanda ya tsinci na kirki ya gudu ya bar sauran, ya yi asarar jinginarsa, a kuma hana shi shiga gwanjo nan gaba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A ƙaddara mutum ya ci ɗaki mai ƙafa 10 da 10 a kan dala 300. La'adar dillali ta kashi 15 cikin 100 dala 45 ce. Harajin ciniki, in ba shi da takardar izinin sari, a ce dala 24. Hayar a-kori-kura da mai dala 120, ladan mai taya ɗauka dala 100, kuɗin juji dala 90. Kafin ya sayar da cokali ɗaya ya kashe dala 679, fiye da ninkin abin da ya taya. Wannan ne uwar kuɗinsa ta gaskiya, ba a ma sa wahalar jikinsa da kwanakin da zai ɓata ba. Sabon shiga yana lissafi da 300, tsohon hannu yana yi da 679, shi ya sa za ka ga ya janye daga tayi alhali saura suna ta ɗaga hannu.

Tantancewa

Aikin gaske yana farawa ne a gaban tulin kaya. Masu sana'ar sukan kasa kayan gida biyar: na sayarwa ɗai-ɗai da tsada, na karyarwa a tsibi, na masu sayen ƙarafa, na kyauta, da na juji. Sai kuma wani kwali daban na takardu da hotunan mai kaya.

Ana yin aikin da safar hannu mai kauri, domin a cikin leda akan ci karo da allurar da aka yi amfani da ita, da fasasshiyar kwalba, da abincin da ya shekara. Ana laluben kowane aljihu, a zazzage kowane littafi, a zaro kowace durowa a duba bayanta, saboda kuɗi da zinariya a irin waɗannan wurare suke ɓuya. A aljihun mai tantancewa akwai ƙananan abubuwa biyu. Ɗaya gilashin ƙara girma ne na duba hatimin da ke cikin zobe ko maƙalin sarƙa: 14K na nufin zinariya, 925 na nufin azurfa. Ɗayan mayen ƙarfe ne. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, kuɗinsa kaɗan. Abin da ya ƙi kamawa yana iya zama jan ƙarfe ko tagulla ko alminiyam, waɗanda masu sikeli ke biya da daraja. Har wayar matacciyar fanka ana yankewa a tara, saboda jan ƙarfen da ke ciki.

A nan ne ake gane kallon kitse da aka yi wa rogo. Abubuwan da ke cika ido daga bakin ƙofa sau da yawa su ne marasa kasuwa: manyan kabad-kabad na katako, kujerun kushin, tsofaffin talabijin masu ƙusumbi, jerin kundin sani mai juzu'i 20, setin tangaran na kakanni, injin motsa jiki. Suna da nauyi, suna cin wuri, kuma matasan Amurka da ke zaune a ƙananan gidaje ba sa so. Abin da ke kawo kuɗi ƙarami ne mai saurin tafiya: kayan aikin kafinta da na makanike, janareto, kayan kiɗa, kekuna, takalma da jakunkuna masu suna, kayan wasan bidiyo na da, tsofaffin kuɗaɗe da katunan 'yan wasa.

Kowane kaya da kasuwarsa

Babu kasuwa ɗaya da ke ɗauke kayan ɗaki guda. Dole mai sana'a ya zama yana da ƙafa a wurare da dama, kuma a kowanne abu biyu yake aunawa: farashi da lokaci.

Ƙananan kaya masu daraja da za su shiga kwali sukan tafi eBay, inda mai saye zai iya fitowa daga kowace jiha ko ƙasa. A can ake samun farashi mafi kyau, amma kamfanin yana cire kusan kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, ga ɗaukar hoto, ga rubuta bayani, ga naɗewa da kai wa gidan waya, ga mai saye da zai dawo da kaya ya ce ba haka ya zata ba. Gogaggu ba sa yanke farashi da abin da wasu suka sa wa kayansu. Suna duba jerin abin da aka riga aka sayar, domin suna wa kaya kuɗi daban, a biya daban.

Manyan kaya kamar firji, injin wanki da teburi sukan tafi Facebook Marketplace, Craigslist ko OfferUp, inda mai saye ke zuwa da motarsa ya biya hannu da hannu. Matsalar nan ita ce masu alkawarin zuwa su ƙi zuwa, da masu tayin wulaƙanci, da haɗarin kawo baƙo gida. Shi ya sa ofisoshin 'yan sanda da dama suka ware wuri a harabarsu domin irin wannan musaya.

Tarkacen tsakiya, kwanuka da fitilu da kayan wasan yara da tufafi, na kasuwar tsofaffin kaya ne ta ƙarshen mako, ko a kasa su a ƙofar gida ranar Asabar, abu a dala ɗaya ko biyu. Akwai manyan kasuwanni irin wadda ke ci a filin wasa na Rose Bowl a Pasadena ranar Lahadi ta biyu a kowane wata, akwai ƙanana a kusan kowane gari. Abin da ake zargin tsohon tarihi ne ko zanen wani gwani, a kai wa gidajen gwanjo su kimanta su sayar su cire nasu. Wanda kuma ke son kuɗi yau-yau ya kai wa masu karɓar jingina ko 'yan sari, ya haƙura da rabin daraja ko ƙasa da haka.

Babban abin da ke karya masu wannan sana'a shi ne kwantai. Mutum ya ƙi karya farashi yana jiran mai saye na gari, kaya su cika gareji, su cika falo, ƙarshe ya kama hayar ɗakin ajiya domin ya ajiye kayan da ya sayo a gwanjon ɗakin ajiya. Daga nan duk wata haya tana cin ribar, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ɗakin ɗan gwanjo shi ma an kai shi gwanjo. Waɗanda suka daɗe a harkar sun ginu a kan ƙa'ida ɗaya: a fara mayar da uwar kuɗi da 'yan kaya mafi daraja cikin gaggawa, sauran a sa musu wa'adi, in ya cika a karyar ko a bayar.

Hukuma ma tana da rabonta. Ribar kuɗin shiga ce da ake biya wa haraji, kuma wanda ribarsa ta kai dala 400 a shekara yana biyan harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin 100. Tun watan Yuni na 2023 wata dokar tarayya ta tilasta wa kasuwannin intanet tantance duk wanda ya yi ciniki 200 da ya kai dala 5,000 cikin shekara guda, domin daƙile masu sayar da kayan sata.

Abin da ka saya amma ba naka ba ne

Cin gwanjo bai halatta sayar da duk abin da ke ɗakin ba. Dokar kare masu saye ta 2008 ta haramta sayar da kayan da hukuma ta janye daga kasuwa saboda haɗari, ko da a ƙofar gida ne. Gadon jarirai mai gefen da ke zamewa ƙasa, alal misali, an hana sayar da shi tun 2011 bayan ya yi sanadin mutuwar jarirai. Magunguna ba a sayarwa. Jabun jakunkuna da agoguna laifi ne a sayar ko da mai sayarwa tsintarsu ya yi. Bindiga da harsashi kowace jiha da ƙa'idarta, kuma wurare da yawa suna sharɗanta a sanar da manaja ko 'yan sanda. Mota ko babur sai an bi hanyar samun takardar mallaka, in ba haka ba ƙarfe ne kawai.

Kayan sata kuwa na mai su ne. A shekarar 2000 aka sace wa ɗan fim Nicolas Cage mujallar zane ta Action Comics fitowa ta farko ta 1938, wadda a cikinta aka fara ganin Superman. A 2011 ta ɓulla a wani ɗakin ajiya a kusa da Los Angeles. 'Yan sanda suka karɓe ta, ta koma hannun mai ita, aka sayar da ita a ƙarshen shekarar a kan dala miliyan 2.16.

Abin da ya fi nauyi shi ne takardu. Kusan kowane ɗaki yana da su: takardar haihuwa, fasfo, bayanan asibiti da na banki, wasiƙu, kundin hotunan biki, wani lokaci har da tulun tokar mamaci da aka ƙona. Yawancin wurare suna neman a mayar da irin waɗannan ofis domin a ba mai su, kuma mai mutunci yana yin haka ko ba a ce ba. Idan aka rasa wannan mutunci, abin kan yi muni. A 2005 aka sayar da ɗakin shahararriyar nan Paris Hilton a kan dala 2,775 saboda bashin dala 208. A farkon 2007 hotunanta da takardun asibitinta da littattafan sirrinta suka bayyana a intanet ana biya a kalla, sai da kotun tarayya ta tsawatar.

Wani misalin ya shafi tarihi. Takardun ɗan gwagwarmayar nan Malcolm X, waɗanda suka haɗa da wasiƙu, jawabai, Alƙur'aninsa, da rubuce-rubucen tafiyarsa ta 1964 zuwa Makka da ƙasashen Afirka, sun faɗa gwanjon wani ɗakin ajiya a Fulorida saboda bashin haya. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ya saye su da 'yan ɗaruruwan daloli, ya kai su gidan gwanjo na Butterfields, wanda ya shirya sayar da su kashi-kashi a watan Maris na 2002. Iyalansa da masana tarihi suka tashi tsaye, aka janye gwanjon saboda shakku a kan sahihancin mallakar. A 2003 iyalan suka danƙa takardun ajiyar shekara 75 ga Cibiyar Schomburg da ke Harlem. Wannan ya tsira ne saboda sunan mai shi. Hotunan talaka kuwa tsirarsu tana hannun wanda ya buɗe kwalin.

Juji ba kyauta ba ne

Bayan an sayar an bayar, sai a fuskanci ragowar, wadda a ɗakuna da yawa ita ce kaso mafi girma. A Amurka zubar da shara kuɗi ne. Ana auna mota a sikeli in za ta shiga juji, a sake aunawa in ta fito, a biya bambancin. Matsakaicin kuɗin tan guda ya haura dala 50, kuma a jihohin arewa maso gabas ya fi haka nesa.

Wasu kayan ma juji ba ya karɓa sai da ƙarin kuɗi, ko ya ƙi sam. Katifa ita ce ciwon kan kowa: jihohi da dama sun sa ƙa'idar tsaftacewa da liƙa shaida kafin a sayar da tsohuwa, ƙungiyoyin agaji galibi ba sa karɓa saboda kuɗin cizo, juji kuma yana cajin kowace ɗaya daban. Kalifoniya, Konetikat da Rod Ailan sun kafa tsarin sake sarrafa katifu tun dokokinsu na 2013. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana ɗauke da dalma kusan kilo 2 a gilashinta, kuma kusan rabin jihohi suna da dokar sharar lantarki. Firji sai an zuƙe iskar sanyinsa ta hanyar da doka ta tsara. Fenti, batir, tayoyi, tukunyar gas da maganin ƙwari duk suna da wurin karɓa na musamman, wanda sau da yawa na magidanta ne, ɗan kasuwa sai ya biya. Wanda ya gaji ya jibge kaya a bakin hanya da dare, tara mai nauyi na jiransa, kuma abin haushi, takardun da ke cikin sharar sunan tsohon mai kaya suke ɗauke da shi.

Girman matsalar ya wuce 'yan gwanjo. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka na 2018 sun nuna an yar da kayan ɗaki tan miliyan 12, kusan kashi 80 cikin 100 suka tafi juji, an kuma binne tufafi da sauran ƙyallaye tan miliyan 11.3.

Inda hanyar ta biyo ta wajenmu

Kyauta ita ce mafita mafi sauƙi ga tufafi. Ana kai su shagunan agaji irin su Goodwill da Salvation Army, waɗanda ke karɓar fiye da abin da za su iya sayarwa. Abin da ya yi kwantai a shago akan sayar da shi a kan awo, ragowar a matse ta diloli a sayar wa 'yan kasuwar da ke rarrabewa su fitar waje. Amurka tana cikin manyan masu fitar da tsofaffin tufafi a duniya. Daga nan dila kan sauka a tashoshin Kwatano da Lome da Tema. Nijeriya ta sa tsofaffin tufafi a jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya san dila tana samun hanya.

Mai yanka dila a Kano da mai cin ɗaki a Amurka jirgi ɗaya ya kwaso su: kowanne ya biya kafin ya gani, ribarsa tana cikin 'yan kaya na sama, kuma shi aka bar wa sharar ƙasa. Bambancin shi ne a ƙarshen layin babu wani da za a tura wa. A kasuwar Kantamanto ta Akra, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna fita a matsayin shara. Haka tsofaffin kayan lantarki, waɗanda masu aiki da matattu ke tafiya a kwantena ɗaya. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita tura shara mai guba zuwa wasu ƙasashe, amma Amurka har yau ba ta tabbatar da ita ba.

Kasuwanci ne ko caca?

Shirin talabijin na Storage Wars, wanda tashar A&E ta fara nunawa a Disambar 2010, shi ya fito da harkar fili. Jama'a suka yi dafifi, farashin ɗakuna ya tashi, tsofaffin 'yan kasuwa suka koka. A 2012 ɗaya daga cikin taurarin shirin, Dave Hester, ya kai ƙara yana zargin ana dasa kaya masu daraja a ɗakuna kafin a ɗauki hoto. Daga baya aka sasanta ya koma shirin. Ko ba a dasa komai ba, shirin yana ruɗi ta wata hanya: ana kirga riba da ƙimar da wani masani ya faɗa da baki, ba da kuɗin da aka karɓa ba, kuma ba a nuna layin juji.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna ginshiƙan wannan tambaya ta kasuwanci ne ko caca. Gwanjo a kansa halal ne. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ɗora wa wani tsada, wanda kuwa a shirin talabijin ɗin abin alfahari ne. Malikawa sun yarda da sayen tsibin kaya ba awo da sharaɗin ana ganinsa ana iya kintatarsa, sun kuma yarda da sayen abin da ke cikin dila idan akwai rubutaccen bayanin siffarsa. Rufaffen kwali a lungun ɗaki ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin lura shi ne gogaggun 'yan kasuwar Amurka, ba tare da sun karanta fiƙihu ba, sun isa kusa da wannan matsaya: suna tayi a kan abin da ido ya gani kawai, abin da ke ɓoye in ya zo da alheri ƙari ne.

Wannan ne ma'aunin da ke raba ɗan kasuwa da ɗan caca a harkar. Wanda zai daɗe a cikinta shi ne mai motar ɗaukar kaya, mai wurin tantancewa da ba ya biya wa haya, wanda ya san mai sayen ƙarfe da mai sayen littafi da ranar da ake karɓar fenti, wanda kuma tun kafin ya ɗaga hannu ya san inda katifar za ta. Sana'ar tana da amfani na gaske, domin tana mayar da kayan aiki da kekuna da tukwane hannun masu buƙata a farashi mai sauƙi maimakon a binne su. Gyaran da take buƙata a bayyane yake: mayar da takardu da hotunan mai kaya ya zama doka a kowace jiha maimakon a bar shi ga halin mai saye, kamfanoni su ƙara ƙoƙarin kai rarar kuɗi ga masu ita, kuma ƙasar da ta tara kayan ta biya kuɗin zubar da shararta a gida maimakon ta ɗaure ta cikin dila ta aika wa waɗanda ba su da wurin binne ta.